Tsinken Awo

Wata bakwai ina tara kuɗi a gwangwanin madara,
jika-jika, daga ɗinkin wuyan riguna,
don kwamfutata ta tsufa, ta koyi gardama.
In na ce wa ɗan wasana ya ruga
sai ya ɗaga ƙafa kamar mai ƙaya a diddige,
kafin ya sauke ta an harbe ni.
Ilo na dariya ta waya daga unguwar Zariya,
wai ni ba wasa nake ba, hotuna nake kallo.

Ciwon a katin hoto yake, in ji masana.

Ran Litinin na kwance mata ƙusa huɗu,
ƙura ta fito har da gawar kyankyaso.
Na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon cikinta,
na soke shi a aljihu, na hau kabu-kabu.

Shagon Tsahiru na bayan babbar kasuwa,
tsakanin mai gyaran rediyo da mai tuyar awara.
Ya shimfiɗa mini biyu a kan kwali.

Na farko ƙato, fanka uku a jere,
ɗan Kwatano, ya sha hannu a wata ƙasa,
an goge shi har yana ƙyalli.
Giga goma sha biyu, in ji Tsahiru,
da wannan ko girar abokin gaba sai ka ƙirga.
Na biyu ɗan tsurut, sabo a leda,
giga shida, babu ado, babu fitila,
kamar baƙon da bai son a san ya zo.

Zuciyata ta riga ta kai babban gida.
Ni dai na tsaya ina tambaya.
Wuta nawa yake ci?
Tsahiru ya sosa ƙeya. Yana ci dai.
Tukunyar wutar injina za ta ɗauke shi?
Sai ka canza ta, jika talatin ne kacal.
Wa ya more shi kafin ni, dare nawa ya hana shi barci?
Ya ce Allah kaɗai ya sani,
nan kam ya faɗi gaskiya.

Na tuna ɗakina a watan Afrilu,
rufin kwano, taga ɗaya.
Na tuna kuɗin kuran da muke haɗawa mu biyar
da hararar Barira in mita ta fara kuka.

Sannan na ciro tsinke,
na ɗora shi a bayan ƙaton.
Katin ya zarce shi da yatsa uku.
Tsahiru ya ce ai ana yanke ƙarfen akwati.
Na ce ba a rushe ɗaki don an ga gado mai kyau.

Muka ja ciniki har aka kira la'asar.
Ya rantse ya faɗi, na rantse na talauce,
jika tamanin da biyar,
muka sha ruwa a moɗa ɗaya.

Da dare na danna ƙaramin a raminsa, ya ce ƙas.
Allo ya yi baƙi. Na riƙe numfashi.
Sai ga haske.

Ashe shekara biyu ina yawo a dajin nan
ban san ciyawarsa na motsi ba.
Ashe kogin na ɗauke da inuwar gajimare,
ashe akwai tabo a kumatun ɗan wasana.
Na ce ruga, ya ruga.
Ƙanena Nafi'u ya leƙo ta kafaɗata,
baki buɗe, lomar tuwo na hucewa a hannunsa.

Na kira Ilo, na ce shigo, yau ka gani.
Ya shigo. Na hango shi bayan dutse,
na daidaita, yatsana na kan maɓalli,

kuran ya ɗauke.

Unguwa duka ta ce kash.
Muka zauna cikin duhu, ni da Nafi'u,
muna jin fanka ɗayan nan tana rage gudu,
tana rage gudu,
da ƙamshin sabon abu, mai ɗumi, a cikin ɗaki.